Adireshin IP da na Imel a Idon Doka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ke da shafin intanet, ko yake sayar da kaya ta intanet, ko yake riƙe da jerin 'yan ƙungiya ko iyayen ɗalibai, yana tara abu biyu ko ya sani ko bai sani ba: adireshin imel na mutane, da adireshin IP, wato lambar da ake gane na'urar da suka shigo da ita a intanet. Tun da dokokin kare bayanai suka fara ƙarfi, tambayar da ta fi yawo ita ce ko waɗannan biyun suna cikin abin da doka ta kare. Ga tambayoyin yadda ake yin su, da amsoshin gwargwadon abin da dokoki da kotuna suka faɗa. Wanda ke da magana a gaban hukuma ko kotu, sai ya haɗa da lauya.

A taƙaice dai, eh ko a'a?

Imel, eh, kusan a kowane hali, matuƙar na mutum ɗaya ne. Adireshin IP ma eh ne a mafi yawan halaye, a Tarayyar Turai, da Birtaniya, da Najeriya, da jihar Kalifoniya ta Amurka. Inda ake samun gardama shi ne IP ɗin da ya faɗa hannun wanda ba shi da hanya ko kaɗan ta gano mai shi. Shawarata ga mai riƙe da bayanan jama'a ita ce ya ɗauki duka biyun a matsayin bayanan mutum tun daga farko. Ranar da aka kai ƙararsa, shi za a nemi ya nuna yadda ya kula da su, kuma "ai lamba ce kawai" ba za ta fishshe shi ba.

Me doka take nufi da bayanan mutum?

Dokar Tarayyar Turai da ake kira GDPR, wadda aka amince da ita a 2016 ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta ce duk wani bayani ne da ya shafi mutumin da aka sani, ko wanda za a iya ganewa, kai tsaye ko ta bayan fage. Ta kawo misalai: suna, lambar shaida, bayanin wurin da mutum yake, da alamar da ake gane shi da ita a intanet. A sakin layi na 30 na gabatarwar dokar an ambaci adireshin IP da sunansa, tare da kukis ɗin da shafuka ke ajiyewa a waya ko kwamfuta.

Abin lura a nan shi ne "wanda za a iya ganewa". Doka ba ta tsaya kan ko sunanka yana jikin bayanin ba. Tambayarta ita ce: in aka bi wannan bayanin, aka haɗa shi da wani, ta hanyar da hankali zai ɗauka cewa wani zai iya bi, za a iso kanka? In za a iso, to bayaninka ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗauko kusan wannan ma'anar a sashe na 65.

Dokokin nan mutane suke karewa. Bayanin kamfani a matsayinsa na kamfani ba ya ciki, kuma GDPR ba ta shafi mamaci ba, sai dai in wata ƙasa ta yi nata tanadin.

Mene ne adireshin IP ɗin ma, kuma wa yake ganinsa?

Lamba ce da kamfanin da ke ba ka intanet yake ba wa wayarka ko na'urar Wi-Fi ta gidanka, domin saƙon da ka nema ya san inda zai dawo. Tsohon tsarin, IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakani, kamar 203.0.113.7, kuma adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake iya samarwa. Wannan ya yi wa duniya kaɗan, shi ya sa aka fito da IPv6 mai tsawo, kuma babban rumbun IPv4 ya ƙare a Fabrairu 2011. A Afirka, cibiyar AFRINIC da ke tsibirin Mauritius ce ke raba wa kamfanonin sadarwa waɗannan lambobi.

Duk shafin da ka buɗe yana ganin IP ɗinka, domin in babu shi shafin ba zai iso wayarka ba. Yawancin kwamfutocin da ke ɗauke da shafuka suna rubuta shi a kundi kai tsaye, layi bayan layi: ga IP, ga rana da sa'a har daƙiƙa, ga shafin da aka buɗe, ga irin wayar da manhajar da aka shigo da ita. Mai shafin da bai taɓa leƙa wannan kundin ba ma yana da shi.

To lamba ce babu suna. Ta yaya za ta zama bayanin mutum?

Ka ɗauki lambar da ke jikin Adaidaita Sahu. Fasinjan da ya hange ta bai san mai mashin ɗin ba, kuma wataƙila wani ne ya tuƙa da safe wani da yamma. Amma hukumar da ta yi rajista ta san mai shi, mai shi kuma ya san wanda ya ba wa a kowace sa'a. In aka zo da lambar da lokacin, za a kai ga direban. Haka IP yake: mai shafi yana da lamba da lokaci, kamfanin sadarwa yana da sunan wanda ya ba wa lambar a wannan lokacin.

Wannan ce maganar da ta kai har Kotun Tarayyar Turai da ke Luxembourg. Patrick Breyer, ɗan siyasar Jamus daga jam'iyyar Pirate, ya kai ƙarar gwamnatin ƙasarsa saboda shafukan hukumominta suna ajiye IP na masu ziyara bayan sun fita. Gwamnati ta ce ita ba ta san su ba, kamfanin sadarwa ne ya sani. Ranar 19 ga Oktoba 2016 kotun ta yanke cewa ko IP mai canzawa ne, bayanin mutum ne a hannun mai shafi, in dai yana da hanyar da doka ta yarda da ita ta samun sauran bayanin daga kamfanin sadarwa. A Jamus akwai wannan hanyar: in aka kai wa shafi hari, mai shi zai iya zuwa ga hukuma, hukuma ta nemi sunan daga kamfanin. Kotun ta ce ba dole ba ne duk bayanan su kasance a hannun mutum ɗaya.

Akwai rabin hukuncin da mutane ke mantawa. Kotun ta kuma ce mai shafi yana iya samun halastaccen dalili na ajiye IP domin kare shafinsa daga masu kutse, kuma dokar Jamus da ta so rufe wannan ƙofar gaba ɗaya ta yi tsauri. Wato Breyer ya ci nasara a kan cewa IP bayaninsa ne, amma bai samu hukuncin cewa an haramta ajiye shi ba.

Ni da datar waya nake shiga. An ce mu dubbai ne a kan IP ɗaya. Har yanzu ya shafe ni?

Gaskiya ne. Saboda ƙarancin IPv4, kamfanonin waya suna ɗora masu layi da yawa a kan adireshi ɗaya a lokaci guda, kuma da ka kashe data ka kunna yana iya canzawa. Wannan yana rage ƙarfin IP wajen nuna mutum ɗaya, kuma ya kamata mai bincike da alƙali su san da haka kafin su ɗora wa wani laifi.

Amma bai fitar da shi daga dokar ba, saboda dalili biyu. Na farko, kamfanin yana iya raba ku in yana ajiye cikakken kundi, kuma a Najeriya sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga da na masu layi na tsawon shekara biyu. Tun Disamba 2020 kuma aka fara tilasta haɗa kowane layi da lambar NIN, don haka hanyar daga layi zuwa suna da hoto gajera ce. Na biyu, IP ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da irin waya, da kukis, wani lokaci da sunan da ka shiga da shi. Da zarar ka yi rajista a shafi, IP ɗin da aka rubuta kusa da sunanka ya zama naka, babu wata gardama.

Wanda ya ga IP ɗina zai iya zuwa ƙofar gidana?

Shi kaɗai, da wuya. Abin da yake nunawa shi ne ƙasa, da kamfanin sadarwa, da kintacen gari, kuma kintacen yakan yi kuskure: mutum yana Gusau a nuna shi a Legas ko Abuja, domin ta can kamfaninsa ke fita. Masu barazana a kafafen sada zumunta cewa "na samu IP ɗinka, zan zo har gida" yawancinsu tsoratarwa ce.

Kuskuren kintacen ma ya taɓa jefa bayin Allah cikin wahala. Kamfanin MaxMind, mai sayar da bayanin wurin da IP yake, ya saba in bai san takamaiman wurin wani adireshi a Amurka ba sai ya ɗora shi a wani ɗigo da ke tsakiyar ƙasar. Ɗigon ya faɗa a wata gona kusa da garin Potwin a jihar Kansas. Adireshi sama da miliyan 600 aka jingina wa wurin. Shekaru mutanen gidan suna karɓar 'yan sanda da mutanen da aka damfara da masu neman wayar da aka sace, ba su san dalili ba, sai da wani rahoton jarida ya tona maganar a 2016. Daga baya kamfanin ya mayar da ɗigon tsakiyar wani tafki. Wannan labarin yana nuna cewa IP yana iya cutar da mutum ko da ya nuna wanda ba shi ba, kuma wannan ma dalili ne na kula da shi.

Imel ɗina ba shi da sunana, laƙabi ne da lambobi. Shi ma?

Shi ma. Adireshi ne da ke kai saƙo ga mutum ɗaya, kuma mutumin yakan yi shekaru da shi. Da shi ya buɗe Facebook, da shi ya yi rajistar jarrabawa, da shi banki ke turo masa bayanin asusu. Kamfanin da ya ba shi adireshin galibi yana da lambar wayarsa. A wajen gano mutum, imel ya fi IP ƙarfi nesa ba kusa ba, tunda ba ya canzawa kuma ba a raba shi da dubban mutane.

Na ofis fa?

In sunan ma'aikaci ne a gaba, sunan kamfani a baya, bayanin mutum ne, har ma ya ƙara da faɗin inda yake aiki. Adireshin da aka buɗe wa ofis baki ɗaya, irin na sashen tambayoyi ko na ciniki wanda mutane da yawa ke dubawa, galibi ba ya ciki. Sai dai a ƙaramin shago da kowa ya san mutum ɗaya ne ke buɗe akwatin, adireshin shagon da na mai shagon duk ɗaya ne.

Ai imel ɗina ba sirri ba ne. Yana kan katina, yana kan allon shagona.

Doka ba ta ce sai abu ya zama ɓoyayye kafin ta kare shi ba. Sunanka ma kowa ya sani, amma bayaninka ne. Abin da doka ke dubawa shi ne manufar da aka karɓi bayanin dominta. Ka rubuta imel a allon shago ne domin masu ciniki su same ka. Wanda ya kwashe shi ya haɗa da dubbai ya sayar wa masu tallan bashi ko caca ya yi amfani da shi a inda ba ka ba shi ba, kuma sai ya nemo nasa dalilin da doka ta yarda da shi.

In imel kawai aka tona, ba lambar asusu ba, ba kalmar sirri ba, wace illa ce a ciki?

A nan ne aka fi yin sakaci, kuma a nan illar ta fi zafi. Illar takan fito daga jerin da aka ga adireshin a cikinsa.

A Satumba 2015 wani asibitin lafiyar jima'i da ke lamba 56 a titin Dean Street a Landan ya aika wa masu hulɗa da sashensa na cutar HIV wata wasiƙar labarai. Ma'aikacin ya zuba adireshi 781 a layin da kowa ke gani, maimakon layin BCC da ke ɓoye su. Daga cikinsu 730 suna ɗauke da cikakken sunan masu su. Wasiƙar ba ta faɗi ciwon kowa ba, amma duk wanda ya buɗe ta ya ga sunayen sauran, kuma ya san abin da ya haɗa su. Wasu sun ga sunan wanda suka sani. A Mayu 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar hukumar asibitin fam 180,000.

Na biyun ya fi wannan tayar da hankali. A Satumba 2021, makonni kaɗan bayan Taliban ta karɓi Kabul, Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta aika saƙo ga 'yan Afganistan da suka yi mata aiki suna jiran a kwashe su. Nan ma aka bar adireshin a fili. A saƙo ɗaya mutum 245 aka fallasa, wasu har da hotonsu a jikin adireshin. Mutum biyu suka mayar da amsa ga kowa da kowa, ɗayansu har ya faɗi inda yake ɓoye. A Disamba 2023 aka ci tarar ma'aikatar fam 350,000.

Ba sai an je Landan ba. Sakataren ƙungiyar da ke tallafa wa masu wata cuta, ko ofishin da ke tura saƙo ga waɗanda suka kasa biyan bashi, ko makarantar da ke rubuta wa iyayen da ake bin kuɗin zango, duk suna riƙe da irin wannan jerin. A garin da kowa ya san kowa, ganin sunan mutum a irin wannan jeri yana iya taɓa aurensa ko kasuwarsa. Wanda zai tura saƙo ga mutanen da ba su san juna ba, ya sa su a BCC, ya duba sau biyu kafin ya danna. In jerin na marasa lafiya ne ko makamantansu, BCC ma bai isa abin dogaro ba, domin kuskuren yatsa ɗaya ne tsakani. Gara a yi amfani da manhajar da ke aika wa kowa nasa daban.

Dokar Najeriya ta ambace su da suna?

Ƙa'idar da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwar zamani ta Najeriya, ta fitar a Janairu 2019 ta jero su ƙarara: adireshin imel, adireshin IP, lambar IMEI ta waya, layin SIM, da sauransu. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, NDPC, ba ta yi wannan jerin ba. Ta yi amfani da faffaɗar magana irin ta Turai, wato duk alamar da ake gane mutum da ita a intanet, kuma IP da imel suna shiga ciki ba tare da an matsa ba. Tushen duka shi ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya.

Tarar kuma ba wasa ba ce. Manyan masu riƙe da bayanai ana iya cin su har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Sauran kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. In bayanai suka zube ta yadda za su iya cutar da mutane, awa 72 aka ba wa mai riƙe da su ya sanar da hukuma. Jerin lambobi da imel na 'yan uwa da abokai da ke wayarka don amfanin kanka ba ya cikin wannan, dokar ta ware harkar gida.

Maƙwabta fa?

Ghana tana da dokarta tun 2012. Nijar ta fara yin tata a 2017, kuma hukumar HAPDP ce ke kula da kare bayanai a can. ECOWAS ta fitar da ƙa'idar bai ɗaya tun 2010. Dukkansu a kan ma'auni ɗaya suka ginu, wato ko za a iya gane mutum kai tsaye ko ta bayan fage.

Na ji an ce a Amurka IP ba bayanin mutum ba ne.

Amurka ba ta da doka ɗaya ta tarayya da ta haɗe komai, shi ya sa amsar ta danganta da jiha da kuma fanni. A 2009 wata kotun tarayya a jihar Washington, a ƙarar da aka kai kamfanin Microsoft, ta ce IP kwamfuta yake nunawa ba mutum ba. Amma dokoki sun yi gaba. Dokar bayanan lafiya ta HIPAA ta sa imel da IP cikin abubuwa 18 da sai an cire su kafin a ce bayanin maras lafiya ba ya nuna kowa. Ƙa'idar kare yara 'yan ƙasa da shekara 13 a intanet ta shigar da IP tun 2013. Dokar Kalifoniya, CCPA, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, ta ambaci duka biyun da suna, ta kuma ƙara da cewa ko gida ɗaya bayanin ya nuna ba mutum ɗaya ba, ya isa.

A Kanada kuma, a Maris 2024 Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa 'yan sanda sai sun samu izinin kotu kafin su nemi IP na mutum daga wani kamfani.

Ina da ƙaramin shafi. Ke nan laifi ne in ajiye IP da imel na masu shigowa?

A'a. Kasancewar abu bayanin mutum ba ya haramta taɓa shi, sharuɗɗa yake ɗora maka. Sai ka samu dalilin da doka ta sani. Imel ɗin wanda ya sayi kaya kana buƙatarsa don cika ciniki. IP kana iya ajiye shi don gano masu kutse da masu cika shafi da shara, wannan halastacciyar buƙata ce. Talla kuwa, nemi yardar mutum. Sannan ka faɗa wa mutane abin da kake tarawa da harshen da za su gane, in masu karatunka Hausawa ne ka rubuta da Hausa. Kada ka tara abin da ba ka buƙata, kada ka ajiye har abada. Kundin ziyara na shekara biyar da ba wanda ke dubawa ba ya amfana maka komai, ranar da aka yi maka kutse kuwa shi za a kwashe.

Ka kuma san wanda shafinka ke miƙa wa IP ɗin baƙinka a bayan idonka. A Janairu 2022 wata kotu a Munich ta umarci wani mai shafi ya biya wani mai ziyara yuro 100, saboda shafin yana ɗauko salon haruffa kai tsaye daga kwamfutocin Google, kuma duk ɗaukowa sai IP na mai ziyara ya tafi can ba da saninsa ba. Kotun ta ce da ya ga dama da ya ajiye haruffan a nasa wurin. Kuɗin kaɗan ne, amma yawancin masu shafuka ba su ma san nasu yana yin haka ba.

In na rikitar da imel ɗin ya koma jerin haruffa, ko na yanke ƙarshen IP, na fita?

Rikitarwar da ake kira hashin ba ta fitar da kai. Imel ɗaya kullum jerin haruffa ɗaya yake bayarwa, don haka duk mai riƙe da adireshin zai iya rikitar da nasa ya gwada, ya ga sun yi daidai. Da wannan dabarar ma kamfanonin talla ke haɗa jerin abokan cinikinka da masu asusu a wurinsu. Yana da kyau a matsayin kariya, amma bayanin yana nan a matsayinsa. Yanke ƙarshen IP ya fi kusa da ɓatar da sawu, in an yanke tun kafin a rubuta shi a kundi, kuma ba a bar wata alama kusa da shi da za ta mayar da shi kan mutum ɗaya ba.

Ina Kano. Me ya haɗa ni da dokar Turai?

Don kawai wani a Faransa zai iya buɗe shafinka, GDPR ba ta hau kanka ba. Tana hawa ne in ka nufi mutanen da ke can da ciniki, ko kana bin diddigin abin da suke yi. Mai sayar da huluna da turaren wuta da ya rubuta farashi da yuro, ya ce yana aikawa Jamus da Italiya, ya shiga ciki, ko da duk masu sayen Hausawa ne mazauna can. Dokar ba ta tambayar ɗan wace ƙasa ne, inda mutum yake take dubawa. Dokar Najeriya ma haka ta miƙa hannu: kamfanin waje da ke sarrafa bayanan mutanen da ke Najeriya yana ƙarƙashinta.

Wani ya yi mini tallan jerin imel dubu hamsin. In saya?

Kada ka saya. Mutanen da ke ciki ba su san ka ba, ba su ba ka izini ba, kuma mai sayarwar ba zai iya nuna maka inda suka yarda a sayar da su ba. Da yawan irin waɗannan jerin daga kutse aka samo su. Da ka karɓa, kai ma ka zama mai riƙe da bayanan, nauyin ya hau kanka.

Ni mai imel ɗin, me zan iya nema daga wanda ke riƙe da shi?

Kana da haƙƙin tambaya ko suna da bayaninka, da abin da suke yi da shi, da wanda suka ba wa, da kuma kofinsa. Kana iya neman a gyara kuskure, ko a goge in babu sauran dalilin ajiyewa, ko ka janye yardar da ka bayar. Talla kuwa, da ka ce a daina, dole a daina, ba sai ka kawo dalili ba. Gogewa tana da iyaka: banki ko kamfanin waya da wata doka ta wajabta wa ajiye bayani na wasu shekaru ba zai goge don ka nema ba, amma zai iya daina turo maka talla.

Ka rubuta a rubuce, daga adireshin da ake magana a kai, domin su tabbatar kai ne. Ka faɗi abin da kake so a fili, ka sa kwanan wata, ka ajiye kofi da hoton saƙonnin da suka dame ka. In kamfanin yana ƙarƙashin GDPR, wata ɗaya ke gare shi ya ba ka amsa, sai in ya sanar da kai dalilin ƙarin lokaci. A Najeriya, in aka yi biris da kai, kana iya kai ƙorafi ga NDPC, kuma dokar 2023 ta ba wanda aka cutar damar neman diyya a kotu. In maganar IP ce, ka haɗa da rana da sa'ar da ka shiga shafin da kuma lambar da kake da ita a lokacin, domin ba tare da su ba mai shafin zai iya cewa bai san layin da ke naka a kundinsa ba.